JIRGIN MAI HOTO A SAMAN ƘONNI: A RUBUTA DOKA, A KAFE TA A ƘOFA

Duk wanda ya halarci bikin masu hannu da shuni ko wani babban taro a garuruwan kudancin jahar Tawa cikin ƴan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa jin wani ƙugi bisa kansa ba, irin na zumar da aka taɓa wa amya. Idan ya ɗaga kai sai ya ga wani ɗan abu mai farfela huɗu, wanda faɗinsa bai wuce na faifai ba, yana tsaye cak cikin iska, da ido guda a ƙarƙashin cikinsa. Yara su bi shi da sowa, tsofaffi su yi ta'awizi, mata su gyara lulluɓi, can gefe kuma ga wani saurayi riƙe da salula yana juya shi yadda ya ga dama. Wannan shi ne ƙaramin jirgi maras matuƙi, wanda samari ke kira dron, kuma ya riga ya zama kayan aikin mai hoto kamar yadda keke yake ga tela.

Tambayar da ba a cika yi ba sai rigima ta tashi ita ce: wa ya ba shi izinin tashi, kuma ina ne iyakarsa? Mai hoto zai ce sama ta Allah ce, ba wanda ya hana shi. Mai kaki zai ce sai da takarda daga Yamai. Maigidan da abin ya tsaya bisa tsakar gidansa zai ce shi ba ruwansa da takarda, in ya sake dawowa jifa zai sha. Amsa uku ga tambaya guda alama ce ta cewa talaka bai san doka ba, kuma inda talaka bai san doka ba, mai ƙarfi ne ke zama doka. Abin da gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Ilela ke bukata shi ne ƙa'ida gajera, rubutacciya, da harshen da jama'a ke ji, wadda za a kafe a ƙofar ma'aikatar magajin gari, ta ɗaure mai hoto, ta kuma ɗaure mai kama shi.

Ƙaramin abu mai dogon ido

Ya kamata a rarrabe tun farko, domin suna guda ake kiran abubuwa biyu da shi. Akwai manyan jiragen soja marasa matuƙa, irin waɗanda Amurkawa suka girke a sansaninsu na Agadas, wanda gininsa ya ci fiye da dalar Amurka miliyan 100, suka kuma bar shi a watan Agusta na 2024. Da irin Bayraktar TB2 da Nijar ta saya daga Turkiyya, mai fukafukin da ya kai mita 12, wanda ke iya kwana da wuni a sama. Waɗannan sha'anin ƙasa ne da rundunarta, ba su shiga hurumin magajin gari ba.

Wanda ake magana a kansa shi ne ƙaramin, na kasuwa, wanda akasari kamfanin DJI na ƙasar Sin ke ƙerawa. Ɗaya daga cikin ƙananansu nauyinsa giram 249, kuma ba a banza aka tsayar da shi nan ba: a ƙasashe da yawa daga giram 250 ne dokar rajista ke somawa, sai maƙeran suka rage giram guda don mai saye ya huta. Batirinsa na ɗaukar wajen rabin sa'a, yana iya hawa ɗaruruwan mita, yana kuma aiko da hoto kai tsaye zuwa salular mai shi daga nisan kilomitoci. Kuɗin ƙaraminsa bai kai na sabon babur ba, kuma in aka naɗe shi aljihun babbar riga ya ishe shi.

Wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Illela ta Najeriya ta faɗo Ƙonni, ya san cewa abin da ke shiga aljihu ba a tare shi a kan iyaka. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, amma ko a waɗannan watanni ba a rasa kayan Najeriya a kasuwar Ƙonni ba. In buhu da jarka sun sami hanya, ina ga abin da bai kai nauyin sabulun wanki biyu ba? Saboda haka batun hana shi shigowa ya wuce. Abin da ya rage shi ne yadda za a zauna da shi.

Tsoron da ke da dalili

A wata ƙasa mai kwanciyar hankali ana iya ɗaukar wannan jirgi abin wasan yara. A wannan yanki ba haka ba ne, kuma duk wanda ya raina damuwar jami'an tsaro bai yi adalci ba. Birnin Ƙonni na nesa da iyaka da ƴan kilomitoci kaɗai. Can ƙetare, a ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na jahar Sakkwato, ƙungiyar Lakurawa ta kafa sansani, har rundunar sojan Najeriya ta fito ta ambace ta a fili a watan Nuwamba na 2024. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa kudancin jahar Tawa, kuma tun 2024 an sha kai masa hari a wurare dabam-dabam. Ga masana'antar siminti ta Malbaza, ga tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a can a 2018, ga madatsun ruwan Mozage da Zango da noman ranin Ƙonni ya dogara a kansu. Kowanne daga cikinsu wuri ne da maƙiyi zai so ya san ƙofarsa da yawan masu gadinsa.

Kuma ba zato ba ne kawai. A ranar 24 ga Disamba 2024 mayaƙan ISWAP sun kai wa sansanin sojan Najeriya na Wajiroko, a jahar Borno, hari da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa da suka ɗaura wa abubuwan fashewa. A watan Janairu na 2025 rundunar da ke yaƙi a arewa maso gabashin Najeriya ta haramta tashin su a yankin baki ɗaya. A Mali da Burkina Faso ma masu ɗauke da makamai sun koyi wannan dabara. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Talaka shi ma yana da nasa tsoron, kuma nasa ya fi tsanani, domin shi abin ke faɗa wa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa na Najeriya ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, jahar Kaduna, aka rasa mutum 85 ko fiye. A ranar 25 ga Disamba 2024 wani harin sama da aka ce an auna Lakurawa da shi ya hallaka mutanen ƙauye a ƙaramar hukumar Silame ta jahar Sakkwato. Labarin nan ya iso kowace rumfar mai shayi daga Tsarnawa zuwa Badagishiri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Tsohuwar da ta ji ƙugi bisa rumbunta ba ta da hanyar sanin ko na mai hoton biki ne, ko na soja, ko na ɓarayin shanu masu leƙen garke. Ranar da irin wannan ƙugi zai tarwatsa kasuwa ko sahun idi, turmutsutsun kaɗai ya isa ya yi ɓarnar da jirgin bai yi ba. Kuma saurayin da aka kama da na'urar a hannu cikin irin wannan ruɗani, Allah kaɗai zai fitar da shi kafin jandarma su iso.

Hani na kan mai uwa da wabi

Ganin haka, mafi sauƙi ga mai mulki shi ne ya ɗauki alƙalami ya ce an hana, ya huta. Ƙasar nan ta san wannan magani, ta kuma san ɗacinsa. A watan Fabrairu na 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, aka rufe kasuwanni, duk don a toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi. Dubban ƴan kabu-kabu da masunta da manoma suka wayi gari ba abin yi, amma hakan bai hana harin Bosso na watan Yuni 2016 ba. A farkon Janairu 2020 aka hana babura a sassan jahar Tilaberi, a cikin watan nan kuma aka kai harin Shinagodar inda sojoji 89 suka kwanta dama. Ba a ce waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukunce ba su da hujja ba. Abin da ake cewa shi ne mai bin doka ne ya ajiye babur, mai bindiga bai ajiye nasa ba.

Haka zai kasance ga jirgin hoto. Ɗan ta'adda ba ya zuwa ma'aikatar perefe neman izini, kuma sanarwar rediyo ba ta sauko da jirginsa. Wanda hani zai kama shi ne saurayin da ya tara kuɗin ƙwadago ko na ci-rani ya sayi na'ura don ya ci abinci da ita maimakon ya bi hanyar Libiya. Sa'an nan hanin da ba a iya tsarewa kasuwa yake buɗewa: mai kuɗi zai ci gaba da ɗaukar bikin ɗiyarsa daga sama bayan ya ga wanda ya kamata ya gani, marar galihu kuma a karɓe nasa ba tare da ko guntuwar takarda ba.

Akwai wani nau'in hanin da ke sanye da rigar izini, kuma Najeriya ta gwada shi. A watan Mayu na 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ta ce ba mai tayar da jirgi maras matuƙi sai da yardarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma sanya kuɗin neman izini har naira 500,000. Manyan kamfanoni suka bi layi a Abuja, masu hoton biki na Kano da Sakkwato suka ci gaba da aikinsu kamar ba a yi ba. Dokar da ta fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin ƙarfi ba ta samar da rajista, sai dai ta mayar da kowa mai laifi, hukuma kuma ta zauna cikin duhu, ba ta san nawa ne ke tashi ba, ba ta san na wane ne ba.

Ga kuma asarar da ba a lissafawa. Filin noman rani na Ƙonni ya haura hekta 2,000. Jirgin nan na iya bin magudanansa cikin safiya guda ya nuna inda ya tsage da inda yashi ya cike, aikin da zai ci ma'aikaci kwanaki a ƙafa. Manoman albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Akara, na iya auna gonakinsu da shi, a rage shari'ar iyaka da ke cika zauren sarakuna kowace damina. A ambaliyar 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasar nan ta kuma shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, hoto daga sama ne hanya mafi sauri ta sanin ƙauyen da ruwa ya yanke da gadar da ta karye. Mazauna kwarin Majiya ba su bukatar a yi musu bayanin wannan. A Ruwanda tun 2016 ake kai jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, jahar Kaduna ma ta soma irin wannan aiki a 2022. A Yamai kuwa akwai ɗan ƙasa, Aziz Kunce, da ya yi suna wajen ƙera su da hannunsa. Garin da ya rufe wannan ƙofa saboda tsoro, ƴaƴansa ne za su zama ƴan kallo, a riƙa ɗauko baƙi ana biyan su aikin da yaran gari za su iya.

Katangar da ta daina karewa

Akwai wani ɓangare da takardun ofis ba su cika kulawa da shi ba, alhali shi ne zai fi saurin jawo faɗa. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura. Zaure na tare baƙo, katanga na tare ido, tsakar gida kuwa a buɗe take ga sama, domin ba a taɓa tsammanin ido zai zo ta nan ba. A nan mata ke daka da wanki da kitso ba lulluɓi, a nan makewayi yake, sau da yawa ba rufi. Tun kaka da kakanni magini ko mai yaɓe ba ya hawa soron da ke kallon gidan maƙwabci sai an aika an sanar, mata su kimtsa. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi dogon bayani kan hana buɗe tagar da ke leƙa gidan wani, kuma Alƙur'ani mai girma, a cikin surorin Nur da Hujurat, ya hana shiga gidan mutane ba izini, ya hana bin diddigin asirinsu.

Jirgin hoto ya tsallake duk wannan cikin daƙiƙa guda. Mai ɗaukar ayarin amarya bai yi niyyar leƙen kowa ba, amma idon na'urarsa ya kwashi gida ashirin da ke kewaye, kuma kafin magariba hoton na yawo a WhatsApp da TikTok. Idan matar wani ta fito a ciki, aure na iya mutuwa, zumunci na iya tsinkewa, wani ma ya zaro wuƙa. Nijar na da dokar kare bayanan da suka shafi rayuwar mutum tun 2017, da hukumar da aka ɗora wa tsaronta, amma magidancin Dogerawa ko Tajaye ba zai kama hanyar Yamai don kai ƙarar ƙugi ba. Yana bukatar wurin kai kuka kusa da shi, da hukuncin da ya san akwai shi tun kafin ransa ya ɓaci.

Wa ke da hurumi?

Masu son kauce wa aiki za su ce sararin samaniya ba na magajin gari ba ne. Gaskiya ne. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta tsara zirga-zirgar jiragen sama a duniya, ta bar wa kowace ƙasa ikon samanta, ta kuma tanadi cewa jirgi maras matuƙi ba ya ratsa ƙasa sai da izininta na musamman. A Nijar wannan aiki na hukumar ANAC ne tare da ma'aikatun tsaro. Amma jirgi daga ƙasa yake tashi, a ƙasa yake sauka, kuma a kan mutane yake faɗowa. Filin ƙwallo, da filin kokowa, da masallacin idi, da tashar mota, da kasuwa, da dandalin unguwa, waɗanda su ne wuraren shaƙatawar jama'a a garuruwan nan, duk suna ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari alhakin tsari da lafiyar jama'a a cikinsu. Haka ake yi a wasu wurare: a Amurka hukumar jiragen sama ce ke da sama, amma hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasa ce ta hana tashi da sauka a filayenta tun 2014. Ƙa'idar da aka rubuta da Faransanci aka ajiye a ofishin da ke nesa da fiye da kilomita 400, in ba a sauko da ita aka fassara ta aka ce ga fili kaza ga fili kaza ba, daidai take da babu ga mutumin Bazaga.

Sai dai akwai wani abin lura. Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Wurin da a da ɗan kasuwa zai sami kansilan unguwarsa ya ce masa wannan sharaɗi ya yi tsauri, yanzu babu shi. Wannan nauyi ne a kan kantoma, ba sauƙi ba: tun da ba majalisar da za ta yi masa gyara, wajibi ne ya nemi gyaran da kansa. Ya tara sarakuna da limamai, da shugabannin ƴan kasuwa da na manoman rani, da ƙungiyoyin mata, da masu hoton kansu, da jandarma da ƴan sanda da ƴan duwan, a zauna a fili. Dokar da aka dafa a ɗaki aka fito da ita da safe, a ɗaki take ƙarewa.

Abin da takardar za ta ƙunsa

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Ƙasashen Tarayyar Turai, tun ƙarshen 2020, sun tsaya a kan ƴan sharuɗɗa da kowa ke iya riƙewa: kada a wuce mita 120 a sama, kada jirgi ya ɓace wa idon mai tuƙa shi, kada a bi ta kan cincirindon mutane, mai shi kuma ya yi rajista. A ɗauki waɗannan, a ƙara abin da ya dace da Adar da Ƙonni.

Na farko, rajista a ma'aikatar magajin gari: sunan mai jirgi, da lambar na'urarsa, da unguwarsa, a liƙa masa lamba a jikin jirgin, a aika wa jandarma kwafi. Kuɗin ya zama kaɗan, a rubuta adadinsa a bango, a ba da rasiɗi. Manufar rajista sanin mutane ce, ba tara kuɗin shiga ba. In aka tsawwala, ba mai zuwa.

Na biyu, a lissafa wuraren da aka haramta da sunayensu da tazararsu a mita: barikoki, da ofisoshin jandarma da ƴan sanda da duwan, da gidan kaso, da bakin iyaka, da layin bututun mai, da masana'antar siminti da tashar lantarki, da madatsun ruwa, da duk inda ayarin soja ke wucewa. Kalmar “wuri mai muhimmanci” ba ta isa ba, domin kowane mai kaki na iya faɗaɗa ta har ta haɗiye gari.

Na uku, a ware wuraren da aka yarda, domin dokar da ta ce kada a yi a nan ba ta ce a yi a can ba rabin doka ce. Kowane babban gari ya keɓe fili guda ko biyu inda mai koyo da mai sha'awa za su tashi jirginsu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Da dare kuwa babu, ko ga wa.

Na huɗu, taron jama'a. Biki ko kokowa ko wa'azi, sai da yardar mai taron, da sanar da hukuma kwana guda ko biyu kafin ranar, sanƙira ko mai lasifika kuma ya faɗa wa jama'a cewa za a ga jirgi, na wane ne. Kada ya tsaya daidai kan mutane, domin batir na mutuwa, iska na kaɗawa, farfela na yanka. A nisanta shi daga dawaki ranar hawa da kuma kasuwar dabbobi irin ta Badagishiri, inda firgitar sa guda ke iya karya mutum. Jana'iza da maƙabarta a bar su da alfarmarsu.

Na biyar, gidaje. Ba a tsayawa bisa gidan wani, ba a kuma yaɗa hoton da ya nuna tsakar gidan da ba a nemi izinin mai shi ba. Wanda aka cuta ya soma daga mai unguwa, a goge hoton a gabansa, in abin ya fi haka a wuce gaban alƙali.

Na shida, wanda shi ne zuciyar maganar: hukunci da kamu su kasance da tsari. Gargaɗi a karo na farko, tara mai adadi sananne a na biyu, janye izini a na uku. Wanda aka samu yana leƙen wurin tsaro kuwa shari'a ce tasa. Duk jami'in da ya karɓe na'ura ya ba da takarda mai ɗauke da sunansa da dalilinsa da ranar da za a mayar ko a gurfanar. Kuma sharuɗɗan su hau kan kowa: attajiri, da ɗan sarki, da ƙungiyar agaji, da mai ɗaukar hoton ziyarar manya. Ranar da aka ga jirgin babban mutum na shawagi inda aka hana na talaka, ranar dokar ta mutu.

A ƙarshe, gundumomin uku su yi takarda iri guda, domin mai hoton da ke Ƙonni da safe yana Galmi da azahar, yana Ilela da la'asar, ba zai riƙe doka uku a kansa ba. A rubuta ta da boko da ajami, a karanta ta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a kuma sake dubanta bayan shekara guda.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da satar shanu da rashin wutar lantarki, wa ke da lokacin abin wasan samari? Amsar ita ce wannan na daga cikin ƴan matsalolin da maganinsu bai bukatar kasafin kuɗi, bai bukatar taimakon wata ƙasa: takarda biyu ce, da rajista guda, da zaman yini ɗaya. Kuma yanzu ne lokacinta, tun masu jiragen ana iya ƙidaya su, tun ba a zubar da jinin kowa a kansu ba. Haka babur ya shigo, haka salula ta shigo, aka zuba ido har suka fi ƙarfin tsari, sa'an nan aka dawo ana neman gyara da sanda.

Ɗan kasuwa ya san cewa ciniki ba ya tafiya inda ba a san farashi ba, ma'aikaci kuma ya san cewa takardar da ta fito fili ita ce ke kare shi ranar da aka zo bincike. Dukansu biyu suna da riba a wannan magana, kuma su ne ke da bakin da ake ji a ofishin perefe da fadar sarki. Idan suka yi shiru, wata rana za a wayi gari da ɗayan biyu: ko dai wani yaro kwance a asibiti saboda an ɗauke shi ɗan leƙen asiri, ko kuma sanarwar hani mai layi uku da za ta kashe sana'a ta bar ɓarna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba shugabanni ikon ji, ya ba talakawa ikon faɗa.